Gudu da Nauyi: Tarken Fayafayan da Suka Gauraya Kiɗan Hadko da na Ƙarfe

A wannan ɗan rubutu muna son mu duba wani rukunin fayafayai da suka fito a Amurka tsakanin 1983 da 1988, waɗanda suka gauraya kiɗa iri biyu da masoyansu ba sa ga maciji da juna. Tambayarmu ɗaya ce: mene ne ya sa har yau ake komawa a saurare su, alhali kuwa mai jin su karon farko ba ya jin komai sai ihu da hayaniya? Za mu yi amfani da kayan aikinmu na yau da kullum, wato jigo da salo da zubi.

Iri na farko shi ne kiɗan ƙarfe, wanda akan danganta asalinsa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingam a Ingila, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Kiɗa ne mai kauri da nauyi, makaɗansa na tinƙaho da gwanintar jita, waƙoƙinsa dogaye ne, jigoginsa kuma sukan karkata ga dodanni da aljanu da tashin duniya. Iri na biyu shi ne hadko, reshe mafi tsauri na kiɗan fank (ba irin na James Brown ba, duk da cewa sunayen biyu kan zo ɗaya a kunnen Bahaushe). Matasa ne suka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1970, ba ruwansu da gwaninta. Abin da suke nema shi ne su faɗi abin da ke ransu da sauri su sauka. Faifan farko na ƙungiyar D.R.I. ta birnin Hustan, wanda ya fito a 1983, ya ƙunshi waƙoƙi 22 cikin kimanin minti 18, kuma ɗaya daga cikinsu suka ce ga manufofin tattalin arzikin Shugaba Reagan.

Kowane ɓangare na da raunin da ɗayan ya hango. 'Yan hadko na kallon 'yan ƙarfe a matsayin masu dogon gashi da dogon surutu a kan abin da babu shi. Su kuwa 'yan ƙarfe cewa suke waɗannan yara ko riƙe jita ba su iya ba. Duk su biyun suna da gaskiya gwargwadon hali.

A ganinmu, sirrin fayafayan gaurayen yana cikin sarrafa kari. Gudu shi kaɗai yana kashe kunne. Idan ganga ta yi ta sheƙa gudu ba sassauci, kafin a kai waƙa ta biyar mai sauraro ya daina jin saurin, kamar yadda matafiyi kan manta da gudun mota idan hanya ta miƙe. Abin da makaɗan hadko suka aro daga ƙarfe shi ne dabarar danne igiyoyin jita da gefen tafin hannu, yadda amon zai fito a dunƙule, guntu-guntu, da kuma ƙarfin halin rage gudu a tsakiyar waƙa. Sai a ji waƙa na tafe a guje, kwatsam ta ja birki, ta koma takun ƙasaita, kowane bugu na faɗowa kamar taɓarya a turmi. Idan gudun ya dawo, sai ya zama sabo a kunne. A wannan gaɓa ce 'yan kallo ke rikicewa da rawar bangazar juna a gaban dandamali.

Faifan da ya fi nuna wannan shi ne The Age of Quarrel na ƙungiyar Cro-Mags ta birnin Niyok, wanda ya fito a 1986. Waƙar da ta buɗe shi ba da gudu ta fara ba. Ganguna da jita ne ke taruwa a hankali kamar hadari, sai an ja ran mai sauraro kafin muryar John Joseph ta shigo. Sunan faifan, wato zamanin husuma, an ɗauko shi ne daga aƙidar 'yan Hare Krishna game da zamanin lalacewar duniya, wadda wasu 'yan ƙungiyar suka runguma. Wannan ya ba su damar yin abin da ba kowa ya iya ba: sun ɗauki jigon tashin duniya, wanda a hannun 'yan ƙarfe tatsuniya ce, suka ɗora shi a kan titunan da suka taso a ciki, inda talauci da ƙwaya da dabanci suka yi katutu. Tsoron da ke cikin faifan na gaske ne, shi ya sa nauyin kiɗan bai zama kwalliya ba. Haka muke kallon Animosity na Corrosion of Conformity, 1985, ko da yake shi ya fi karkata ga siyasa.

Wajen muryar mawaƙi kuwa, babu misalin da ya kai waƙar Institutionalized a faifan farko na Suicidal Tendencies, 1983. Mike Muir magana yake yi, ba rerawa ba, da bakin saurayin da iyayensa suka yanke cewa ya taɓu, alhali lemon kwalba kawai ya roƙa. Yayin da ransa ke ɓaci maganar na ƙara sauri, kiɗan na bin ta, har su fashe tare. Nan zubin waƙa ya zama shi ne labarin, abin da duk ɗalibin adabi zai gane.

Sai dai ba duk gauraye ne ya yi armashi ba. Faifan D.R.I. na 1987, Crossover, shi ya ba salon suna, amma ba ma jin shi ne gwarzonsa. Wasu waƙoƙin sun kai minti huɗu ko biyar, hannun makaɗan ya faɗa, sautin ya tsabtace, amma wutar nan ta 1983 ta ragu. Da gwaninta ta yi rinjaye, sai aka wayi gari da kiɗan ƙarfe mai ɗan gudu, wanda Slayer ta riga ta fi su iyawa a Reign in Blood, 1986, faifan da bai cika rabin awa ba.

Wanda ya fi ba mu wahalar hukunci shi ne Speak English or Die na S.O.D., 1985, wanda biyu daga cikin makaɗan Anthrax suka naɗa tare da abokansu cikin 'yan kwanaki. Ta fuskar kari, kusan babu kamarsa. Ta fuskar jigo kuwa, cike yake da cin mutuncin baƙi, tun daga sunansa mai tilasta wa kowa jin Ingilishi. Masu shi sun ce gatse ne, sun sa kalaman a bakin wani ƙagaggen soja mai suna Sargent D. Mu ba mu gamsu ba. Gatse na bukatar wata kafa da mai sauraro zai hango marubuci na dariyar taurarinsa, kuma kiɗan nan bai bar kafar ba: ƙarfinsa na mara wa kalaman baya ne, taron da ke amsawa a gaban dandamali kuwa ba gatse yake yi ba.

Salon ya lafa a shekarun 1990, sannan ya farfaɗo a hannun ƙungiyoyi irin su Municipal Waste. Cikin na baya-bayan nan, wanda muke ganin ya riƙe igiyoyin biyu ba tare da ya saki ɗaya ba shi ne Nightmare Logic na Power Trip ta birnin Dalas, 2017, mai waƙoƙi 8. Mawaƙinta, Riley Gale, ya rasu a 2020.