Kullum Miyar Kuka

A gidanmu nan Gwadangaji, idan aka ɗauke wuta bayan sallar isha'i, haske uku ne ke saura a tsakar gida, kuma duk na waya ne. Uwargida tana kishingiɗe a tabarma, wata murya daga YouTube tana karanta mata littafi a kunne. Ɗiyar ƙanwata da ke zaune wurinmu tana karatu a Birnin Kebbi, ita kuma jira take marubuciyarta ta saki shafin yau a zauren WhatsApp. Haske na uku nawa ne, ina duba labaran duniya ina satar kallonsu. Wanda ke zaune cikin duhu shi ne ɗana mai shekara goma sha ɗaya, alhali duk gidan babu wanda ya kai shi son labari.

Yaron nan ya cinye Magana Jari Ce, littafi na ɗaya har na uku. Ya karanta Ruwan Bagaja sau biyu, ya bi Iliya Ɗan Maiƙarfi har inda labarin ya tsaya. Ranar da ya ajiye na ƙarshen sai ya ce, "Baba, na gama wanga. Saura wane?" Na ce ya bari in shiga gari. Na zaga shagunan littattafai, na tarar da na makaranta da na addini jibge, sai ƴan littattafan soyayya da rana ta kashe wa bango. Abin da zan miƙa wa yaro mai wannan shekaru ya ji zuciyarsa tana bugawa, da Hausa, ban samo ba.

A ganina ba a taɓa karanta ƙagaggun labaran Hausa kamar yadda ake karanta su yanzu ba. Matar da a da sai ta aiki yaro shagon haya ya karɓo mata littafi, yau ɗakin karatu sukutum yana cikin tafin hannunta. Ƙorafina ɗaya ne: tukunyar ta ƙara girma, amma miyar kullum iri ɗaya ce. Soyayya da aure da kishi, sai kuma kishi da aure da soyayya.

Ba haka aka faro ba. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, kuma kowanne da inda ya fuskanta. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon duniya ne da barkwanci. Ganɗoki na Bello Kagara jarumtaka ce da artabu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin bauta ne da uwar da ta ratsa hamada neman ɗanta. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo ya shiga duniyar ɓarayi da dabarunsu, Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa soyayya ce da ta rikiɗe ta koma ramuwar gayya. Littafi biyar kacal, amma wanda ya karance su ya yi dariya, ya ji tsoro, ya yi tausayi. Daga baya Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin ƴan fasa-ƙwauri a Turmin Danya, Bature Gagare kuma ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda samarin lokacin da suka saba da littattafan James Hadley Chase suka karanta suka yarda cewa ashe Hausa ma tana iya ɗaukar irin wannan tashin hankali.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu jifan littattafan soyayya. Ba na ciki, ban kuma taɓa shiga ba. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, da littattafan Bilkisu Funtuwa, waɗannan rubuce-rubuce sun yi aikin da ajin yaƙi da jahilci ya daɗe yana fafutukar yi. Na san mata a unguwar nan da suka bar makaranta tun a firamare, kuma abin da ya riƙe musu karatun boko har yau shi ne son sanin yadda za ta ƙare tsakanin wance da wane. A cikin littattafan nan aka fara faɗin maganar auren dole da ƙarfi, da ta sakin wulaƙanci, da ta ilimin ƴa mace. Masana sun yi ta kai ruwa rana a kansu, Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, a 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano. Duk wannan bai hana su yaɗuwa ba, domin masu karatu suna ganin rayuwarsu a ciki.

Sai dai ko a zamanin kasuwar, mai shagon haya yana da kwastomomi iri-iri, don haka kantarsa ma iri-iri ce. Gefe guda na matan aure da ƴan mata, ɗaya gefen littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini da na ban tsoro da al'ajabi irin na Nazir Adam Salih, waɗanda samari ke rububi. Yaro mai ƴan canjin da ya rage daga kuɗin tara yana iya karɓar littafi ya kwana da shi ya mayar. Yaron nan kwastoma ne, kuma marubuci ya san da zamansa.

Waya ce ta kori wannan yaro daga kasuwa, kuma a nan nake so mu ɗan dakata, don yadda ake sayar da labari shi ke yanke irin labarin da za a rubuta. Ga yadda abin yake tafiya. Marubuciya za ta saki shafukan kyauta, goma ko ashirin, a Wattpad ko Facebook ko zaurukan WhatsApp. Daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta sanar cewa littafin na kuɗi ne. A tura kuɗi ta asusun banki ko a aiko da katin waya, a nuna shaidar biya, a sa mutum cikin zaure. Daga nan ta ɗauko wa kanta bashi: kullum sai ta kawo shafi, in ta yi jinkiri a yi mata ca. Masu karatu suna sharhi a ƙarƙashin kowane shafi, wannan ta ce a hukunta kishiyar, waccan ta ce kada a raba masoyan, ita kuma tana auna inda iska ke kaɗawa. Ga kuma masu kwafe littafin su watsa shi kyauta tun ba a kammala ba. Wadda ke rubutu cikin irin wannan matsi, ga girki ga reno, wa zai ga laifinta idan ta tsaya kan abin da ta tabbata za a biya?

Labarin soyayya yana jure wannan tsari, don ana iya jan sa kamar roba. A ƙaro rashin fahimta, a ɓullo da tsohuwar budurwa, a sa hatsarin mota da mantuwa, shafi ɗari ya koma ɗari uku. Labarin bincike ba ya jurewa. Mai rubuta labarin kisan da ba a san wanda ya yi ba dole ya san ƙarshensa kafin ya rubuta layin farko. Dole ya binne alamu tun a babi na biyu, waɗanda mai karatu zai wuce ta kansu bai lura ba, sai a ƙarshe ya dafe kai. Wannan ginin sai an zauna an auna shi, an rushe an sake, irin aikin da ya sa har yau ake karanta Agatha Christie. Ba a yin sa a shafin kullum da ake bugawa da babban yatsa ana sauraren ra'ayin zaure. Labarin yara kuwa matsalarsa ta fi sauƙin faɗi: yaro ba shi da waya, ba shi da asusun banki, ba ya cikin zaure. Wanda ba ya biya, ba a dafawa da shi.

Na san akwai masu ƙoƙari. A intanet ɗin ma ana samun labaran aljanu da na ƴan sanda da na sarauta, ko da yake mafi yawansu in ka bi su da kyau za ka tarar soyayyar ce dai ta sake riga. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa matanmu suna da abin faɗa a kan gudun hijira da fyaɗe da talauci, idan aka ba su fili da iyakar kalmomi. Wato gwanintar tana nan. Kasuwar ce ta ƙuntata.

Akwai wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ya shafe mu nan Kebbi kai tsaye. A labaran da ake karantawa a gidana, jarumin kusan kullum matashin attajiri ne, miskili, soja ko likita ko ɗan sarki, gidansa a Abuja, hutunsa a Dubai. Kowa yana magana da Kananci mai gauraye da Turanci. In ka ji an ce "mi kaka so" ko "wanga yaro", to maigadi ne ko wani baƙauye da aka kawo don a yi dariya. Yaran da ke tasowa da wannan za su ɗauka labari abu ne da ke faruwa da wasu mutane a wani gari.

Alhali kuwa kayan labari a nan zube suke kamar shinkafa a fadama. Ga Kanta da ganuwar Surame, kufan da ke nan har yau cikin Jihar Sakkwato. Ga tsohuwar fadar Argungu da ta zama gidan tarihi. Ga Matan Fada, da Sarkin Ruwa, da dubban masunta da ke afkawa ruwa da gora da homa a bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin da su Ruwan Bagaja ke fitowa daga maɗaba'a. Wane yaro ne zai ajiye littafin da ya buɗe da yara biyu a cikin kwalekwalen da igiyarsa ta tsinke da daddare? Chinua Achebe, da duk girmansa, ya zauna ya rubuta wa yara Chike and the River a 1966, labarin yaron da burinsa kawai ya haye Kogin Kwara. Mu da gulbi ya ratsa ta bayan gidajenmu ba mu da irinsa. Mai son labarin bincike kuma ya dubi hanyar Kamba da Dole Kaina bayan rufe iyaka a 2019, ko ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa, ya tambayi kansa irin asirin da za a iya binnewa a ƙarƙashin ruwan nan. Ko ma'aikatan da ke wucewa ta ƙofar gidana kowace safiya ma, cikinsu za a iya ƙago akawun da ya gano abin da bai kamata ya gani ba a cikin wani fayil.

Duk wannan na zazzage wa ɗiyar ƙanwata wani dare, ina jin kaina malami. Ta bari na gama, ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba, ta ce, "Kawu, ku da kuka kukan ga, yaushe kunka sayi littahi da kuɗɗinku? Mu ka biya, mu aka rubuta ma."

Na buɗe baki na rufe. Gaskiyarta. Littattafan da ɗana ya karanta duk tsofaffi ne da na gada ko na saya tun ina saurayi. Ita kuwa daga ɗan kuɗin kashewarta take cirewa ta biya marubuciya, wata bayan wata. Mu maza masu dogon sharhi a majalisa, da mu iyaye masu cewa yara sun lalace da kallon waya, mun fi kowa rowa idan aka zo sayen littafi. Muna iya sayen katin waya na dubu mu ƙone shi a gardamar siyasa, amma littafin yaro sai mu tsaya taya shi kamar muna sayen akuya. Marubucin da zai ɓata wata shida yana gina labarin yara ya san ba hukumar da za ta saya ta raba wa makarantu kamar zamanin NORLA da kamfanin Gaskiya, ya kuma san uban yaron ba zai saya ba. To don wa zai rubuta?

Abin da nake ganin zai yiwu ba shi da wani girma. Zauren da ake buɗe wa matan aure, ana iya buɗe irinsa na iyaye, su biya, a riƙa turo babi ɗaya duk mako wanda za a karanta wa yara da daddare. Masu karanta littafi a YouTube da gidajen rediyo suna iya ware rabin sa'a don yara. Masu shirya gasa su ware rukunin labarin bincike da na yara, su ce sai cikakken littafi za su karɓa. Makarantun kuɗi da suka cika Birnin Kebbi, masu karɓar kuɗin littattafai kowane zango, su sa ƙagaggen labarin Hausa guda ɗaya a cikin jerin. Ni dai na yi alkawari a gaban shaidu biyu cewa duk wanda ya fara, ina cikin masu biya na farko, kuma ɗiyar ƙanwata ta ce za ta tuna mini.

Shi kuwa ɗana bai jira kowa ba. Ya yage tsakiyar wani tsohon littafin lissafi ya fara nasa. Labarin wani babban kifi ne da aka kama a Argungu, aka kulle shi a ɗaki kafin a auna, da gari ya waye aka tarar ƙofa a rufe, kifi babu. Ya kai shafi na tara ya tsaya cak. Jiya na tambaye shi wa ya sace kifin, ya ce ya san ɓarawon, yadda ya fita da shi ne bai gano ba tukuna.