Jinjina ga masu lodin amalanke

Masu haɗa ƙaramin jirgin sama na koyo, wanda ake tuƙawa da na'ura daga ƙasa, ba sa sakinsa sai sun ɗaga shi kan yatsu biyu a ƙarƙashin fikafikai, wajen kashi 1 cikin 4 zuwa kashi 1 cikin 3 na faɗin fiffiken daga gaba. In hanci ya ɗan rinjaya, jirgi zai tashi lafiya. In wutsiya ta fi nauyi, sai a matsar da batir gaba, in ba haka ba zai yi ta ɗaga kai har ya faɗo.

Wannan ilimin ne masu lodin amalanke ke aiki da shi kullum, su da ke kawo zogale da tumatir daga lambunan Jiratawa, da gero daga Tibiri, zuwa Sabon Gari. Amalanke ƙafa biyu gare ta, don haka buhu mafi nauyi a kan ƙarfen da ya haɗa ƙafafun ake ɗora shi, a ɗan karkato gaba don sandunanta su zauna a bayan jaki da sauƙi. Kaya ya koma baya, sandunan su ɗaga jakin; ya zarce gaba, su ci masa baya ya yi miki. Wasu za su ce ƙarfi ne kawai, ba fasaha ba, kuma ga jakuna masu gyambo nan a hanya. Gyambon gaskiya ne, amma sau da yawa kwaɗayin cika kaya ne ke kawo shi. Gwanin lodi yakan ɗaga sanda da hannu ɗaya, ya ji nauyin, ya sake jera buhunan tun kafin a ɗaura jakin.