130/80: Layin da aka ja a Amurka da awon da ake yi a kemis

A watan Nuwamba na 2017 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya biyu na Amurka, ACC da AHA, suka sauko da layin hawan jini daga 140/90 zuwa 130/80. A rana guda, adadin manyan Amurka da ake kira masu hawan jini ya tashi daga kashi 32 zuwa kashi 46 cikin ɗari, alhali jinin kowa yana nan yadda yake. Sabuwar ƙa'idarsu ta 2025 ma ta bar layin a nan. Yanzu lambar ta iso mu, har za ka ji mai kemis yana ce wa mutum jininsa ya hau don na'ura ta nuna 134.

Babban ginshiƙin wannan ƙa'ida shi ne gwajin SPRINT da aka wallafa a 2015. An ɗauki mutum 9,361 masu shekara 50 zuwa sama, aka raba su biyu: wasu a sauke musu lambar sama ƙasa da 120, wasu ƙasa da 140. Bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu sun ragu da kashi 25 a rukunin farko, mutuwa ta ragu da kashi 27, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. Gwaji ne mai kyau, ba ni da ja a kan haka. Amma kashi 25 ɗin nan yana da ruɗi. A zahiri, cikin mutum 100 a shekara, abin ya sauko ne daga 2.19 zuwa 1.65. Kuma da kuɗinsa: kusan magani uku a rana maimakon biyu, ga ƙarin suma, ga raunin ƙoda da ya kai kashi 4.1 a kan 2.5. Masu ciwon suga da waɗanda suka taɓa shanyewa ma ba a saka su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne awon kansa. A SPRINT mutum zai zauna shiru minti biyar, na'ura ta auna sau uku, a ɗauki matsakaici, a wurare da dama ma babu kowa a ɗakin. To ka kwatanta da namu. Mutum ya sauko daga Keke Napep cikin rana, ya tsaya a layi, aka naɗa masa abin awo a kan hannun riga yana ba da labarin ciwonsa, hannun yana lilo, aka auna sau ɗaya. Idan damtsensa babba ne kuma abin naɗin ƙarami, lambar ta ƙara hawa. Wato 130 ta can da 130 ta nan suna ɗaya kawai suka haɗa. Likitan da ya bi 120 da irin wannan awo zai iya sauke jinin dattijo fiye da kima, a ƙasar da zafi da azumi suke ƙarar da ruwan jiki.

A yi wa ƙa'idar 2017 adalci: ba ta ce duk mai 130 ya sha magani ba. Ta ce sai mai ciwon zuciya, suga ko ƙoda, ko wanda haɗarinsa na shekara goma ya kai kashi 10. Sai dai lissafin haɗarin daga bayanan Amurkawa aka gina shi, kuma yana buƙatar gwajin kitsen jini, wanda mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa yi? Sharaɗin ya tsaya a hanya, lambar ce kaɗai ta ƙaraso.

Shi ya sa na fi gamsuwa da matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021: a fara magani a 140/90 bayan an tabbatar, a sauko zuwa 130 ga wanda yake da ciwon zuciya. Matsalarmu ai tana can sama, wajen mai yawo da 170 bai sani ba, ko wanda ya sha magani wata guda ya ajiye don kai ya daina ciwo.

Akwai kuma tambayar wane magani. Gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, ya ɗauki mutum 728 a ƙasashen Afirka shida na wata shida. Haɗin da yake ɗauke da amlodipine ya fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide sauke jini da kimanin maki 3. Ƙaramin gwaji ne, lamba ya auna, bai ƙirga mutuwa ba. Duk da haka a jikin mutanenmu aka yi shi, kuma ban taɓa jin mai kemis ya ambace shi ba.