Gwangwanin Lemo da Tauraron Ɗan'adam: Koyar da Kimiyya ta Ƙofar Sararin Samaniya

Dabarar jawo hankalin ɗaliban sakandare zuwa ga kimiyya da fasaha ta hanyar binciken sararin samaniya ta samo asali ne tun zamanin yaƙin cacar baka. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, hankalin Amurka ya tashi, ta ga an yi mata fintinkau. Kafin shekara ta zagayo ta kafa hukumar NASA, majalisarta kuma ta zartar da wata doka a 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya da harsunan waje. Kuɗin sun tafi ne ga kayan ɗakunan gwaje-gwaje da rancen karatu, har da na masu shirin zama malamai. Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi yau, alhali shi ne ƙashin bayan al'amarin.

Babu musu, sararin samaniya yana da farin jini wajen yara. Ɗalibin da ke gyangyaɗi a darasin fiziks yakan wartsake idan aka ce masa tashar 'yan sama jannati ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a nisan kilomita kusan 400 daga doron ƙasa, tana zagaye duniya cikin minti 90. Sai dai mamaki ba ya daɗewa. Malamin kirki ba ya tsayawa a nan, yakan ba yaron nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da doronta, kimanin kilomita 6,370, ya ce ya ƙara 400, ya lissafa tsawon da'irar, ya raba da awa ɗaya da rabi. Yaron da ya fitar da gudun kusan kilomita 28,000 a awa da alƙalaminsa ya mallaki wani abu da mai kallon bidiyo bai samu ba.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna shirye-shiryen da suka yawaita a 'yan shekarun nan. Akwai shirin ARISS, wanda tun shekarar 2000 yake haɗa makarantu da 'yan sama jannati ta rediyo. Hirar ba ta wuce minti goma ba, iya lokacin da tashar take wucewa ta saman mai eriya. Abin yana da daɗi, iyaye su zo, a yi tafi, a ɗauki hoto. Amma amfaninsa yana cikin makonnin shiri, lokacin da ɗalibai ke koyon yadda igiyar rediyo take tafiya da yadda ake bin sawun tashar. Makarantar da ta tsallake wannan, biki kawai ta yi.

Gasar CanSat ta fi cika sharaɗin. Farfesa Bob Twiggs na Jami'ar Stanford ne ya kawo shawarar a ƙarshen shekarun 1990, hukumar sararin samaniya ta Turai kuma ta mayar da ita gasar 'yan sakandare tun 2010. Ana ba rukunin ɗalibai aiki su cusa duk kayan ƙaramin tauraro a cikin abin da bai fi gwangwanin lemo girma ba: batir, na'urorin auna zafi da matsin iska, ƙaramar kwamfuta da rediyon aika saƙo. Roka ko balan-balan ya kai shi sama kamar kilomita ɗaya, a sake shi, ya sauko da laima yana aiko da alƙaluma. Gwangwanin ba ya kusantar sararin samaniya ko kaɗan, kuma hakan bai rage komai ba. Ƙuncin wurin shi ne malamin. Idan batir ya yi girma, rediyo ba zai shiga ba. Idan laimar ta yi faɗi, iska ta kwashe gwangwanin zuwa gonar wani. Idan ta yi ƙanƙanta, ya faɗo ya tarwatse. Dole wani ya yi lissafi, wani ya haɗa waya, wani ya rubuta manhaja, wani ya tashi gaban alƙalai ya bayyana dalilin da ya sa alƙaluman suka fito yadda suka fito. Haka aikin injiniya yake a zahiri, da gardamarsa da gyare-gyarensa.

Indiya ta gwada abin a babban mataki. A Agusta 2022 ta harba tauraron ɗan'adam mai suna AzaadiSAT, wanda 'yan mata 750 daga makarantu 75 suka sa hannu a haɗa shi. Rokar ba ta ajiye shi a hanyar da ta dace ba, ya salwanta. A Fabrairu 2023 aka harba na biyu, ya isa lafiya. Ba a cika samun darasin kimiyya da ya kai wannan gaskiya ba a cikin aji, inda gwaji kullum yakan ba da amsar da ke bayan littafi.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a fagen. An kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, injiniyoyin Najeriya kuma suka ƙera NigeriaSat-X a Ingila, aka harba shi a 2011. Amma kwaikwayon gasar Turai kai tsaye zai amfani 'yan tsirarun makarantun kuɗi ne kawai, waɗanda dama suna da wuta da intanet. Makarantar gwamnati mai ɗalibai tamanin a aji tana da wata hanyar. Sama a buɗe take ga kowa, musamman a garuruwan da hasken lantarki bai dushe taurari ba, kuma yaron da ya tashi yana jin zancen Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta, yana ganin jama'a na duban jinjirin wata kowane azumi, ya riga ya zo da tambayoyinsa. Me ya sa watan Musulunci yake yin kwana 29 ko 30? Me ya kawo kusufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya duhunta sassan arewacin Najeriya da Nijar da hantsi? Wani masani mai suna Eratosthenes ya auna kewayen duniya a Masar fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ba da komai ba sai inuwa da lissafi. Makarantu biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Legas, za su iya maimaita aikin da sanda da ma'auni da kiran waya guda.

Akwai kuma alƙawarin da ya kamata masu shirya waɗannan abubuwa su rage yi, wato cewa kowane yaro zai iya zama ɗan sama jannati. Tun daga tafiyar Yuri Gagarin a 1961, waɗanda suka je sararin samaniya ba su kai dubu ba. Aikin da ke jiran ɗaliban yana ƙasa: hasashen damina, bin sawun ambaliya da kwararowar hamada a hotunan tauraron ɗan'adam, zana taswirar gonaki, kula da layukan sadarwa. Duk waɗannan suna buƙatar wanda ya iya lissafi da fiziks da rubuta manhaja, kuma kowannensu sai an sami malamin da aka horar, aka biya shi a kan kari, kafin ya shiga kan yaro.