Kwarori, Indiyawa da 'Yan Sin a Kano: Nazari kan Tarihinsu da Tasirinsu ga Fasahar Hausa

Birnin Kano ya saba da baƙi tun kafin zuwan Turawa, domin Larabawan Turabulus da na Gadamus da suka ƙetaro Sahara da ayarin raƙuma sun zauna a cikin ganuwa, sun yi auratayya da mutanen gari, har jikokinsu suka zama Kanawa. Baƙin da suka fito daga nahiyar Asiya a farkon ƙarni na 20 kuwa ta teku suka iso Legas, sannan jirgin ƙasa ya hauro da su, aka kuma zaunar da su a bayan ganuwa bisa tsarin mulkin mallaka na raba mazauni tsakanin Bature da baƙo da ɗan ƙasa. Wannan bambancin shi ya sa fasaharsu ba ta shiga rayuwar Bahaushe ta hanyar maƙwabtaka ba, sai ta hanyar haja, wato abin da suka kasa a kanti ko suka haska a bango, kuma Bahaushe ne ya zaɓi abin da zai ɗauka ya sarrafa.

Na farko a cikinsu su ne mutanen Labanan da Siriya, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, sun kuwa fara baro garuruwansu ne a lokacin da ƙasar Sham take ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa, talauci da rashin tabbas suka kore su. Da yawa daga cikin na Kano sun fito daga Juwayya a kudancin Labanan, garin Musulmi 'yan Shi'a, wasu kuma daga Miziyara a arewa, garin Kiristoci mabiya ɗariƙar Maruniyya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, sai Kwaran da ya fara da tallar murjani da ƙananan kaya ya zama mai sayen gyaɗa a sikeli, yana tsaye tsakanin manomi da kamfanonin Turawa, yana kuma gogayya da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. An yanka musu filaye a Fagge ta Kudu, inda suka gina gidaje masu kanti a gaba da ɗakunan iyali a baya, kuma wannan unguwa ce ta zama Kantin Kwari, kasuwar da ɗan kasuwar Jega ko na Maiyama yake zuwa sarin atamfa da shadda har gobe. Masanin tarihi Sabo Albasu ya rubuta littafi sukutum a kan wannan al'umma a 1995, shi ne kuma madogarar duk mai son bin diddigin lamarin.

Kiɗan Kwarori da rawarsu ta dabka, wadda ake yi a jere an riƙe hannun juna, sun tsaya a kulob ɗinsu da wuraren bikinsu, ko da yake yawancinsu sun iya Hausa kamar jakin Kano. Abin da suka miƙa wa gari shi ne silima. Gidan Rex, wanda aka buɗe a 1937, fili ne marar rufi da ake jira duhu ya yi kafin a kunna majigi, daga baya aka sami wasu kamar Palace da Plaza da Orion da El Dorado. Malamai da dattawa ba su karɓi abin hannu biyu ba, saboda suna ganinsa matattarar 'yan iska da matan banza, kuma gobarar silimar El Duniya ta 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfin hujja. Duk da haka, da masu rarraba finafinai na Kwarori suka gwada kawo finafinan Indiya a shekarun 1950, sai suka tarar cewa sun fi na Amurka da na Ingila cika gida nesa ba kusa ba.

Dalilin wannan karɓuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin mai kallon bai san harshen Hindi ba. Abin da yake gani shi ne mace mai lulluɓi da kunya, da saurayi mai doguwar riga, da uba mai son aurar da 'yarsa ga wanda ba ta so, da talaka a hannun mai ba da bashi da ruwa, kamar yadda fim ɗin Mother India na 1957 ya nuna, kuma babu ɗaya daga ciki da yake baƙo ga ɗan Fagge ko ɗan Aliero. Masu kallo suka laƙaba wa jarumai sunaye nasu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Sannan aka wuce kallo aka shiga sarrafawa. Ƙungiyoyin 'yan bandiri, wato masu bege da ganga mai fuska ɗaya wadda aka sani da 'yan Ƙadiriyya, irin su Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗaukar karin waƙar soyayya ta fim suna zuba mata baitocin yabon Annabi (SAW). Marubuta littattafan soyayya na shekarun 1980 sun ɗauki jigon auren dole da soyayyar mutum uku, kuma bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, rawa da waƙa suka zama ginshiƙin fim ɗin Hausa, musamman daga fim ɗin Sangaya zuwa gaba. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi nazari mai zurfi kan wannan. Masu cewa kwaikwayo ne tsagwaronsa suna da gaskiya a kan finafinan da aka wanke labarinsu ɗungurungum, amma hukuncin bai hau kan bandiri ba, domin wanda ya mai da waƙar masoya ta koma bege ya yi ƙirƙira ta haƙiƙa.

Indiyawan da suka zauna a ƙasar nan ba su da hannu sosai a wannan harka. 'Yan kasuwa ne na ƙabilar Sindi masu manyan kantuna irin su Chellarams, sai kuma malaman lissafi da kimiyya, tare da takwarorinsu na Pakistan, da suka cika makarantun sakandare na Arewa a shekarun 1970 da farkon 1980.

Labarin 'yan Sin ya fi ɗaci, domin ya taɓa sana'ar hannu kai tsaye. Rukunin farko masu masana'antu ne daga Hong Kong da suka zo a shekarun 1960, suka kafa masaƙu da kamfanonin kwanon enamel mai zanen furanni, wanda ya ture ƙwarya da akushi daga jeren ɗakin amarya, har uwa ta riƙa tara langa da fanteka tun 'yarta tana ƙarama. Rukuni na biyu 'yan kasuwa ne da suka shigo bayan shekarar 2000 da yadi mai araha, ciki har da wanda aka buga masa zanen rini na Kano da inji. A 2012 jami'an shige da fice sun kama wasunsu a Kantin Kwari, a 2015 kuma marina suka yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki suna kukan an kashe musu kasuwa, kukan da yake bisa gaskiya ga duk wanda ya ga yawan karofin Ƙofar Mata da suka bushe. Masarauta ta bi tsohuwar dabararta ta ba baƙi shugaba, inda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan China a 2019, sai dai naɗi ba ya kare zanen marini daga sata.

Yawancin tsofaffin gidajen silima an rushe su ko an mai da su wani abu dabam, gidajen Kwarori na Fagge sun koma shaguna da benaye, dattawan da suka yi aikin sikeli da masu harba majigi kuma suna ta ƙarewa. Ya wajaba sassan tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da sauran jami'o'in Arewa su tura ɗalibai su naɗi bakin waɗannan mutane, su kuma nemi hotuna da littattafan ciniki da ke hannun iyalan baƙin, tun ana iya samunsu.