Brave New World na Aldous Huxley: Abin da Ya Tsufa da Abin da Ya Saura

A shekarar 1932 kamfanin Chatto and Windus na Landan ya buga wani ƙagaggen labari mai suna Brave New World, wanda Aldous Huxley ya rubuta a kudancin Faransa cikin 1931. Kafin shekarar ta ƙare hukumar tace littattafai ta ƙasar Ireland ta haramta shi, Ostireliya ma ta hana shigo da shi har zuwa 1937. Laifin da aka ɗora masa shi ne batsa, da wulaƙanta aure, da izgili ga addini. Littafin na cikin rukunin ƙagaggun labaran kimiyya, watau irin rubutun zuben da Umaru Dembo ya ɗanɗana wa masu karatun Hausa da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, sai dai inda Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi yawon sararin samaniya, shi Huxley mai karatu ya ɗauka ya jefa shi cikin shekaru ɗari shida masu zuwa. Wannan maƙala za ta auna littafin ne da ma'aunin yau, bayan da ya haura shekara 90.

Ga zubin labarin a taƙaice. Ana cikin shekara ta 632 bayan Ford, domin mutanen wannan duniya sun ɗauki Henry Ford, mai kamfanin motoci, a matsayin abin girmamawa, suna ƙidayar shekaru daga 1908, lokacin da motarsa Model T ta fito. An daina haihuwa. Cikin kwalabe ake renon 'yan tayi, a rarraba su aji biyar, daga Alfa masu mulki da tunani zuwa Efsilon masu aikin ƙarfi. Kalmar uwa ta zama ashar. Wanda ransa ya ɓaci sai ya haɗiyi wata ƙwaya mai suna soma. Cikin wannan hali Bernard Marx da Lenina Crowne suka je buɗe ido wani keɓaɓɓen yanki a New Mexico, suka komo Landan da wani saurayi, John, wanda mace ta haifa, ya kuma tashi da littafin Shakespeare a hannu. John ya kasa zama da su, ya kasa komawa inda ya fito, daga ƙarshe ya rataye kansa.

Abin da ya harzuƙa masu tace littattafai shi ya fi saurin tsufa. Tun a wancan lokacin ma tuhumar ba ta da tushe mai ƙarfi, domin Huxley bai kawo lalatar mutanen Landan don ya ƙawata ta ba. Ya kawo ta ne a matsayin ɗaya daga cikin igiyoyin da hukuma ke ɗaure talakawa da su. Wanda ya karanta babin da John ke gefen gadon mahaifiyarsa Linda tana shirin cikawa, ga yara tagwaye birjik an kawo su asibitin don a cire musu tsoron mutuwa, ya san inda zuciyar marubucin take. Masu tacewar sun ɗauki cutar da ake kwatantawa a matsayin maganin da ake tallatawa.

Kimiyyar littafin kuwa rabi da rabi ce. Huxley ɗan gidan masana ne: kakansa Thomas Henry Huxley shi ne babban mai kare ra'ayin Darwin, yayansa Julian masanin halittu ne wanda ya zama shugaban UNESCO na farko a 1946. Tunanin renon ɗan tayi a wajen mahaifa kuma J. B. S. Haldane ya riga ya yaɗa shi a ɗan littafinsa Daedalus na 1924. Duk da haka an rubuta labarin ne shekara 22 kafin Watson da Crick su bayyana tsarin ƙwayar gado a 1953. Saboda haka ma'aikatan ƙyanƙyasar Landan ba sa taɓa gadon halitta ko kaɗan. Su dai rage wa ɗan tayi iska suke yi, ko su zuba masa barasa, ko su tsaga ƙwai ɗaya ya zama tagwaye har 96. In an gwada wannan da haihuwar Louise Brown a 1978, wadda aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji, ko tunkiyar nan Dolly ta 1996, ko tagwayen da He Jiankui ya sauya wa ƙwayar gado a Sin cikin 2018 har aka ɗaure shi shekara 3, sai dabarun littafin su zama kamar na maƙerin ƙauye. Koyar da yara cikin barci ma bai tabbata ba. Shi kansa marubucin ya amsa, a gabatarwar da ya yi wa bugun 1946, cewa rashin ambaton makamashin nukiliya babban giɓi ne.

Inda littafin ya fi rauni a idon mai karatun yau wuri ne da kusan babu wanda ya yi ƙorafi a kansa a 1932. Huxley bai taɓa taka New Mexico ba sa'ad da yake rubutun. Sai a 1937 ya je. Daga littattafai ya tsinto al'adun mutanen Pueblo, ya gauraya su, ya fito da wata al'umma wadda ba a nuna komai nata ba face dauɗa da cuta da bulala. Ba a bar ko ɗaya daga cikinsu ya yi magana mai nauyi ba. Wanda zai tsaya ya kare mutuncin ɗan Adam sai da aka mai da shi ɗan Turawa, aka kuma cika bakinsa da Shakespeare. Haka nan a babin farko an ambaci Mombasa ne kawai don a yi alfahari da yawan ƙwan da ake samu daga matan baƙar fata, kamar ana zancen kaji. Ana iya cewa bakin jami'in hukuma ne ke magana, ba na marubuci ba, amma babu inda labarin ya nuna cewa wannan kallo ya dame shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa littafin ya shiga jerin goma da aka fi ƙorafi a kansu a ɗakunan karatun Amurka cikin 2010. Matan labarin su ma ba su tsira ba. Lenina na da alamun wadda za ta farka, tunda ta ɗau watanni tana manne da namiji ɗaya, abin da al'adarsu ta ƙi, amma marubucin ya bar ta nan, bai ba ta tunanin da ya ba Bernard ko Helmholtz Watson ba.

To, me ya hana littafin mutuwa? Amsar na cikin babi na 16 da na 17, inda John ya zauna gaban Mustapha Mond, ɗaya daga cikin mutum goma masu mulkin duniya. Marubuci mai son sauƙi da ya mai da Mond azzalumi ko wawa. Huxley ya mai da shi mutumin da ya fi kowa ilimi da ladabi a labarin. Ya karanta Shakespeare, yana da littattafan addini a kulle cikin akwati, shi kansa tsohon masanin kimiyya ne da aka ba zaɓi tsakanin bincike da mulki. Ba ya musun cewa an sayar da gaskiya da fasaha da addini. Yana faɗin farashin ne kawai, ya kuma nuna abin da aka saya da su, watau ƙarshen yaƙi da yunwa da tsufa. Har gwaji ya kawo: an taɓa zuba Alfa 22,000 a tsibirin Ƙubrus su kaɗai, cikin shekara shida yaƙin basasa ya cinye 19,000. John ba shi da hujjar da za ta rushe wannan. Abin da ya iya kawai shi ne ya ce ya zaɓi 'yancin shan wahala, Mond kuwa ya ɗaga kafaɗa ya bar masa.

Ƙarfin wannan muhawara ya samo asali ne daga wani abu da bai yi wa marubucin kyau ba. Rubuce-rubucensa na jarida na farkon shekarun 1930, waɗanda David Bradshaw ya tattara a 1994, sun nuna cewa Huxley na wancan lokaci yana da sha'awar tsarin tace zuriya, yana kuma shakkar mulkin jama'a, musamman da tattalin arzikin Ingila ya durƙushe a 1931. Ashe Mond ba baƙo ba ne a zuciyarsa. Mutum ne ke jayayya da rabin kansa, shi ya sa bai iya yi wa abokin gabar tasa ƙage ba. Littattafan gargaɗi da yawa sun mutu saboda mugun cikinsu ba ya ruɗar kowa. Wannan mugun kuwa har yanzu ɗalibi kan gama karanta shi ya rasa ta inda zai kama shi.

Daga nan ne aka samu gwajin da aka saba yi tsakaninsa da Nineteen Eighty-Four na George Orwell. A wasiƙar da Huxley ya aika wa Orwell cikin Oktoban 1949 ya nuna cewa masu mulki za su gane sa mutane su so bautarsu ya fi dukansu araha. Neil Postman ya ɗauki wannan ra'ayi a 1985 ya ɗora shi kan talbijin ɗin Amurka, wasu kuma sun ɗora shi kan wayar hannu da shafukan sada zumunta. Gwajin na da gaskiya, amma an cika zuzuta shi. Gwamnatin Mond tana ciyar da kowa, tana ba kowa aiki da magani kafin ta saye hankalinsa. Kamfanonin da ke sayen hankalin mutane a yau ba su ɗauki wannan nauyi ba. Sa'annan mafi yawan al'ummar duniya sun fi sanin kulki da kurkuku a kan soma.

Ta fuskar salo, babi na uku ne abin nazari. A nan Huxley ya yanka muryoyi huɗu ko biyar yana saƙa su, jawabin Mond kan tarihi, hirar mata a ɗakin sauya tufafi, gunagunin Bernard, da muryar da ke karanta wa yara darasi cikin barci, jimlolin suna ta gajarcewa har mai karatu ya daina bambance mai magana. Tsakiyar littafin ba ta kai wannan ba. Bernard, wanda aka gina kamar shi ne tauraro, ya sulale ya zama abin dariya da zarar John ya bayyana, kuma sauyin bai sami shimfiɗa ba. A gabatarwar 1946 Huxley ya ce babban aibin labarin shi ne an ba John zaɓi biyu kacal, haukan Landan ko haukan ƙauyen Malpais, kuma da zai sake rubutawa da ya buɗe masa hanya ta uku. Ya gwada zana wannan hanya a Island, ƙagaggen labarinsa na ƙarshe na 1962, inda mutanen tsibirin Pala ke zaune cikin hankali da natsuwa. Masu karanta Island ba su kai ko kusa da masu karanta wanda ya ce yana da aibi ba.