4.3 Tarken Wikipedia ta Hausa a Matsayin Madogarar Ɗalibai a Kudancin Kano

Kamar yadda aka bayyana a babi na biyu, wiki shafi ne na intanet wanda kowane mai karatu yake da damar yin ƙari ko gyara a cikinsa. Ward Cunningham ne ya ƙirƙiro shi a 1995, kuma bisa wannan tsari aka kafa Wikipedia a 2001. A wannan sashe za a auna amfanin Wikipedia ta Hausa ga ɗalibai da malamai a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Da farko dai, ba a musun fa'idarta. Ɗalibin da ke Riruwai, wanda zuwa Laburaren Murtala Muhammad da ke birnin Kano tafiya ce ta sa'o'i a gare shi, zai iya samun bayani cikin harshensa ta wayar hannu, ba tare da ya sayi littafi ba.

Sai dai idan aka yi nazari, za a ga rauni ta fuska biyu. Na farko shi ne harshe. Da yawa daga cikin maƙalun fassara ce daga Ingilishi, wasu ma na'ura ce ta fassara su. Saboda haka akan tarar da jimlar da kalmominta na Hausa ne, amma ginin ba na Hausa ba. Haka kuma akan yi sakaci da haruffa masu lanƙwasa, alhali kuwa “baki” daban, “baƙi” daban. Ɗalibin da ya saba da irin wannan rubutu, da shi zai shiga ɗakin jarrabawa.

Rauni na biyu ya fi na farko nauyi. Ƙa'idar Wikipedia ita ce kowane bayani ya dogara da abin da aka riga aka wallafa. Wannan ya sa ana iya yin rubutu a kan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin akwai takardu a kanta. Amma labarin mutanen da aikin ya tayar daga gonakinsu, da na maharban dajin Falgore, da na leburorin haƙar kuza a Riruwai, galibinsa yana bakin dattawa ne. Ke nan abin da ya fi zama na yankin shi ne ya fi wuyar shiga shafin.

A ra'ayin wannan bincike, laifin ba na ƙa'idar ba ne, domin ita ce take hana ƙarya samun mazauni. Gyaran yana hannun ma'aikatan laburare da malaman Hausa. Su ne ya kamata su ɗauki maganar dattawa, su rubuta, su tace, a wallafa, sannan masu rubutun Wikipedia su sami abin kafa hujja. Idan aka yi jinkiri har masu labarin suka ƙare, to, ba sauran inda za a ɗebo shi.